Baƙin cikin da ya zama cuta

Akwai cutar da ba ta zuwa da zazzaɓi: barci ya ƙaurace wa mutum, abinci ya fita ransa, a daina ganinsa a masallaci da fada, makonni suna shuɗewa. Sai mu ce raunin imani ne. Subhanallahi! Annabi Yaƙubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari. Wa ya isa ya tuhumi imaninsa?

Ku yi wa ɗan'uwanku addu'a, sannan ku kama hannunsa zuwa likita, a haɗa shi da lokotoron ƙwaƙwalwa. Akwai sashensu a babban asibitin Yamai. In ya fara cewa ya gaji da duniya, kada ku bar shi ya kwana shi kaɗai, kada ku ce sai bayan salla.