Yara kurame a ƙasar Bangi: a ba su harshe kafin a tambaye su darasi

 

Batun wannan zama shi ne wasu yara da ba a cika jin kukansu ba, domin ba su da bakin kai ƙara: yara kurame da masu nauyin ji da ke zaune a azuzuwan lakkol na ƙasar Bangi da sauran garuruwan gundumomin Madawa, Buza da Keita, tare da takwarorinsu da ko ƙofar aji ba su taɓa takawa ba.

Da farko, daga ina kurumcin yake zuwa? Nijar tana tsakiyar yankin sanƙarau wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. Dattawa ba su manta da annobar 1995 ba. A 2010 aka fara allurar rigakafin MenAfriVac, wadda ta karya lagon nau'in A na cutar, amma a 2015 nau'in C ya ɓarke, ya kama sama da mutum 8000 a ƙasar nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 5 da suka tashi daga wannan ciwo, kusan 1 yana fita da tabo na dindindin, kuma toshewar kunne na cikin waɗanda suka fi yawa. Ban da sanƙarau akwai ƙyanda, da ciwon kunne mai mugunya da aka bari ba magani, da wahalar haihuwa, da wasu allurai irin su jantamisin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Masu sayar da magani a kan tebur a kasuwa su riƙe wannan magana da kyau. Hukumar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na kurumcin yara abu ne da ake iya kaucewa.

Yaran nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya rasa ji bayan ya iya magana. Wannan yana da Hausarsa a kai, abin da yake buƙata shi ne a taimake shi kada ta suɓuce masa. Akwai mai ji sama-sama, wanda yake tsintar rabin zance ya cike sauran da zato. Akwai kuma wanda aka haifa kurma ko ya kurumce tun yana goye, wanda bai taɓa jin sunansa ba. Mafi yawan irin waɗannan yara, fiye da 9 cikin 10, iyayensu masu ji ne, ba su taɓa zama da kurma ba. Sai yaro ya kai shekara 6 ko 7 da ƴan alamu kaɗan na ci da sha da zo da tafi. Sa'o'insa sun shekara suna jin tatsuniya da gaisuwa da faɗa da lissafin kasuwa, shi kuwa duk wannan ya wuce shi.

A wannan hali ake kai shi aji na farko, wato CI. A can mushe zai koya masa karatu ta hanyar sauti: wannan harafi ga yadda ake faɗinsa, a haɗa shi da wancan a sami gaɓa. Ga yaron da ke ji, harafi hoton sauti ne da ya riga ya sani. Ga kurma, zane ne kawai. Sannan karatun da Faransanci ake yin mafi yawansa, harshen da ko masu ji na ƙauye suna shan wuya da shi. Wasu za su ce ai sai ya dubi bakin malami. Ku gwada a madubi: "b", "p" da "m" kamanninsu ɗaya a leɓe, "k" da "g" kuwa a cikin maƙogwaro suke, ido ba ya ganinsu. A Hausa abin ya fi haka tsanani, tunda karin sauti, da tsawon wasali wanda shi ke raba "gari" na mutane da "gari" na tuwo, ba su bayyana a fuska. Da zarar mushe ya juya ga allo yana bayani, darasi ya yanke. A ajin zana mai cunkoso, inda haske bai wadata ba, ko wannan ɗan abin ma ba ya samuwa.

Abin da ke biyo baya duk malamai sun san shi. Yaron yana kwafar rubutu tsaf, littafinsa ya fi na kowa kyau, amma bai san ma'anar abin da ya kwafa ba. Lissafin lambobi yana yi, lissafin da aka lulluɓe cikin jimla ya gagare shi. Ranar dikte kuwa sifiri ne, domin an ce ya rubuta abin da bai ji ba. Ya maimaita aji sau ɗaya, sau biyu, a kira shi daƙiƙi, daga nan ya koma kiwo ko bara. A makarantar allo ma haka take, tunda karatun a kunne ake ɗaukarsa. Alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Abin da aka hana shi shi ne harshe.

Duniya ta daɗe tana wannan muhawara. Wajejen 1760 wani limamin Kirista, Abbé de l'Épée, ya buɗe makarantar kurame a Paris inda ake koyarwa da hannu. A 1880 taron masana a Milan ya yanke cewa a bar hannu a tilasta wa kurame magana da baki, hukuncin da ya cuci yara shekara da shekaru, har sai da taron Vancouver na 2010 ya yi watsi da shi a fili. A 1960 William Stokoe ya nuna cewa maganar hannu ta kuramen Amurka harshe ce cikakkiya mai nahawunta. A Afirka, Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka kuma kurma, ya buɗe makarantarsa ta farko a Gana a 1957, ya ci gaba da buɗe wasu a ƙasashe da dama har rasuwarsa a 1987. Ƙasar Hausa ma tana da nata: a 2000 Constanze Schmaling ta wallafa bincike a kan maganar hannu ta kuramen Kano. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ciniki da kurma ya san ana tayi, ana albarka, ana sallamawa, ba tare da an buɗe baki ba.

Yanzu ga batun shawara da ja-gora, wanda shi ne aka fi sakaci da shi. Masu buƙatarsa na farko iyaye ne. Uwar da ɗanta ya tashi daga zazzaɓi ya daina amsa kira tana cikin juyayi, ga surutun dangi, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu ne. A sayar da akuya, a sayar da buhun albasa, a yi ta yawon neman magani, shekarun da ya kamata a koya wa yaro harshe suna wucewa, alhali icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tana buƙatar wanda zai zaunar da ita ya gaya mata gaskiya cikin tausasawa, ya nuna mata kurma babba mai sana'a da iyali, ta san ɗanta yana da gaba.

Na biyu shi ne yaron kansa. Ana cewa kurma yana da zafin rai. Wane ne ba zai yi zafin rai ba, idan a gidan ubansa ana dariya bai san dalili ba, ana dukansa bai san laifinsa ba, kuma an bar sunan yankansa ana kiransa "bebe"? Yarinya kurma ta fi shiga haɗari: ba ta jin takun wanda ya biyo ta a hanyar rijiya, idan aka cuce ta ba ta da kalmar faɗi, ba wanda ya yi mata bayanin balaga, kuma sau da yawa a ɗaura mata aure ba a nemi ra'ayinta ba. A ƙarshen 2021 dubban mutane sun gudo daga jahar Sakkwato saboda ƴan bindiga, suka sauka a ƙauyukan Bangi. Ku yi tunanin yaro kurma da aka tashe shi cikin dare aka ƙetare iyaka da shi, ba wanda ya iya gaya masa me ya faru. Sharaɗin mai ba irin waɗannan yara shawara shi ne ya iya maganar hannu. Idan sai ta bakin wani ɗan gida za a ji damuwar yaro, to asiri ya tonu, kuma wani lokaci mai fassarar shi ne mai cutar.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai doka mai lamba 93-012 ta 1993 kan kare naƙasassu, akwai dokar tsarin ilimi ta 1998 wadda ta tanadi ilimi na musamman, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, aka kuma yi wata doka a 2019. Gwamnatoci sun zo sun tafi, na farar hula da na soja, kowace da takardarta. Amma makarantun kurame da aka sani suna manyan birane: ta Hassane Bana Ba a Yamai, da na Maraɗi da Damagaram. Manomin Bangi da ke son ɗansa ya yi karatu sai ya rabu da yaro ɗan shekara 7, ya nemo masa mai riƙo a birni, ya biya mota da abinci. Mutum nawa ne za su iya?

Abin da ake nema bai fi ƙarfin jama'a ba. A fara da ƙidaya: masu gari, kwamitocin kula da makarantu da ma'aikatan asibitocin karkara su rubuta kowane yaro da ba ya ji, kuma duk wanda ya tashi daga sanƙarau a duba kunnensa kafin a manta da shi. Hukumar ilimi ta koya wa malamai abubuwa masu sauƙi: a zaunar da yaron a gaba, a fuskance shi in ana magana, a rubuta umarni a allo, a musanya masa dikte da wani gwaji. A buɗe aji na musamman a Madawa, daga baya a Buza da Keita, a ɗauki kurame manya da suka yi karatu su zama mataimakan malamai da albashinsu, su kuma koya wa iyaye hannu. Ƴan kasuwa da masu sana'a, tela da kafinta da makaniki da mai saƙar tabarma, kowa ya karɓi yaro ɗaya ya koya masa aiki a matsayin almajirin sana'a mai haƙƙi. Kuɗin da ake jefa wa kurma sadaka a bakin kasuwa, da an tara shi, da ya biya alli da benci da malami.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba da ikon cikawa.