Rainon Kaktus A Cikin Ɗaki



An nemi in ɗan yi bayani a kan tsiron nan mai ƙaya da wasunku suka gani a tagar ɗakina a Ƙofar Kware, wanda ake kira kaktus. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, musamman ƙasar Meksiko. Idan ba mu manta da darasin aji ba, ƙayoyinsa su ne ganyensa, jikinsa kuwa rumbu ne na ajiyar ruwa. Da dare yake buɗe ƙofofin numfashinsa, don kada rana ta shanye abin da ya tara.

Na farkon da na samu, ni na kashe shi da hannuna. A watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 a nan Sakkwato, tausayinsa ya kama ni, na riƙa ba shi ruwa safe da yamma kamar alayyafo. Ba a yi wata guda ba gindinsa ya yi laushi ya ruɓe. Daga nan na gane cewa yawan ruwa ya fi ƙishirwa saurin kashe shi.

Saboda haka, wanda ke son rainonsa ya nemi tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ya shimfiɗa tsingaro a ƙasa, sannan ya zuba yashi gauraye da 'yar ƙasa da gutsattsarin gawayi. A ajiye shi kusa da taga mai haske, a riƙa juya tukunyar don kada ya karkata gefe guda. Kada a ba shi ruwa sai an soka tsinke an ga ƙasar ta bushe ƙarau, sannan a ba shi ya ƙoshi. Da hunturu a ƙara ragewa. Idan za a sake masa tukunya, a naɗe shi da tsohuwar jarida kafin a kama.

To, jama'a, ga inda nake son mu yi hattara. Tinya da ƙerana na dajinmu sun yi kama da kaktus, amma ba danginsa ba ne, dangin aguwa ne da ake shingen gona da ita. Idan aka karce su, farin ruwa ke fitowa kamar madara, mai ƙona fata, yana kuma iya makantarwa. Na taɓa shigo da ƙerana gida bisa kuskure, Allah Ya sa wani dattijo ya ankarar da ni tun yara ba su taɓa ba. Idan ruwan ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti.

Kaktus ɗin da kuka gani shi ne na biyu, yana nan lafiya, nesa da hannun jikokina. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, amin.