Kuɗin Tallafi Da Kwanciyar Hankali: Abin Da Daura Ta Gani A Shekarar Korona

 

Jawabin wannan wata a kan kuɗin tallafi ne, watau kuɗin da Gwamnati kan raba wa talakawa idan wata masifa ta faɗo, kamar annoba ko ambaliya ko fari. Za a ɗauki misali da shekarar 2020, shekarar cutar korona. Mutanen ƙasar Daura sun ga wannan shekara da idonsu, daga cikin birni har Baure da Zango da Mai'adua da Sandamu. An yi maganar yunwar da aka sha a lokacin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin da zukatan mutane suka shiga.

Cutar ta fara ɓulla a ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ta shigo Nijeriya ta Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Da farko mutanen karkara sun ɗauka ciwon masu hawa jirgin sama ne. Sai ga shi a farkon Afrilu, Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ba da sanarwar mutum na farko da cutar ta kama a jihar. Wani likita ne a garin Daura, kuma Allah ya riga ya yi masa rasuwa. Bayan 'yan kwanaki aka sami cutar a jikin wasu daga cikin iyalinsa. Ranar Asabar 11 ga Afrilu aka kulle ƙaramar hukumar Daura. Ba shiga, ba fita, kowa ya zauna gida.

A tuna wane lokaci ne wannan. Tsakiyar bazara ce, ana tsananin zafi. Hatsin rumbu ya ja baya, damina kuma ba ta sauka ba. Iyakar Nijar a rufe take tun watan Agusta na 2019, saboda haka masu cin abinci ta hanyar Kongolam da kasuwar Mai'adua sun riga sun jigata. Ranar 24 ga Afrilu kuma azumi ya kama.

Manomi mai ɗan saura a rumbu ya iya lallaɓawa. Amma ɗan acaɓa fa? Mai shayi, da ɗan dako, da wanzami, da mai ga-ruwa, da matar da ke soya ƙosai ta ba yarinya talla? Waɗannan sai sun fita suke samun na cefane. Ranar da ba a fita ba, tukunya ba ta hau murhu ba.

Kuma ba tukunya kaɗai kulle ya taɓa ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, ƙafar ce aka ɗaure. Ba zaman majalisa a gindin bishiya. Ba taron suna, ba ɗaurin aure mai jama'a. Ko musafaha an ce a bari. Wanda aka yi wa rasuwa bai ga cincirindon masu ta'aziyya ba. Magidanci da bai saba wuni a gida ba ya ɗanɗani kulle, abin da matarsa ta daɗe da sani. Sai dai ita ma a wannan karon 'yan'uwanta ba sa leƙo ta. A shekarar ko aikin Hajji babu wanda ya je daga Nijeriya, haka ma a 2021.

YADDA AKA RABA KUƊIN

Ranar 29 ga Maris, 2020, Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya yi jawabi ga ƙasa. Ya ce a hanzarta biyan kuɗin tallafi ga talakawa. Shirin ba sabo ba ne. Dama akwai gidajen da ake ba Naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a biya Naira 10,000. Yawanci uwar gida ake miƙa wa. Wani kaso na kuɗin rance ne daga Bankin Duniya. Wani kuma daga dala miliyan 322 ne, na kuɗin zamanin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido. Da annoba ta zo, sai aka haɗa na wata huɗu, aka riƙa biyan Naira 20,000 a dunƙule. An kuma ba da umurnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan Gwamnatin Tarayya.

To, wa ake ba? Sai wanda sunansa ke cikin rajista. Ga yadda ake yin rajistar. Ma'aikata kan je ƙauye su tara jama'a, maza daban, mata daban, samari daban. Mutanen ƙauyen da kansu za su faɗi gidajen da suka fi talauci. Sai a bi gida gida a rubuta. An yi wannan aiki ne tun kafin korona, kuma ba kowane ƙauye aka kai ba.

A watan Afrilu na 2020 gidaje miliyan 2 da dubu 600 ne a cikin rajistar ƙasa baki ɗaya. Ranar 13 ga watan Shugaban Ƙasa ya ce a ƙara miliyan ɗaya. A yi lissafi. Ko da an ce kowane gida mutum 6 ne, jimlar ba ta kai miliyan 22 ba. Alhali a watan Mayu na shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce matalautan Nijeriya sun haura miliyan 82. Ke nan yawancin mabukata ba sa ciki. Masu neman na yau da yau a cikin gari, waɗanda kulle ya fi cuta, su ne aka fi tsallakewa. Sai a Janairun 2021 aka buɗe masu wata rajista ta gaggawa, wadda ake shiga ta wayar hannu.

Wani zai yi zaton tun da Shugaban Ƙasa ɗan Daura ne, to kowa a Daura ya samu. Rajista ba ta san haka ba. Suna take dubawa.

GIDA BIYU, KATANGA ƊAYA

A ɗauki misalin gida biyu maƙwabta. A na farko, uwar gida ta karɓo Naira 20,000. Ta sayi gero da mai da magi, ta biya bashin mai shago. Daren nan ta yi barci. Ba don kuɗin sun isa ba, ai ba su isa ba. Ta yi barci ne don ta san an san da ita. An kira sunanta a gaban jama'a, an ce ita ma 'yar ƙasa ce.

A gida na biyu talaucin ɗaya ne, ko ma ya fi. Amma ba a kira sunan kowa ba. Mai gidan yana da yunwa biyu. Akwai ta ciki, akwai ta zuciya. Yana kwance yana juyi, yana tambayar kansa: me na yi? Don ba ni da kowa ne? Don ni baƙo ne, kakana daga Damagaram ya zo? Ko mai unguwa ne ya soke sunana? Wata ƙila ba ko ɗaya. Wata ƙila ranar da aka zo rubutu yana ci-rani ne. Amma tun da ba wanda ya yi masa bayani, zargi ya shiga. Gaisuwar maƙwabci ta fara yi masa nauyi. Irin wannan tabo yakan daɗe bayan an cinye kuɗin.

Laifin a nan ba na wanda ya samu ba ne. Rabon da aka yi a ɓoye, ko aka yi ba bayani, shi ke ɓata zumunci. An ga ƙarshen haka a watan Oktoba na 2020. A garuruwa kamar Legas da Jos da Kaduna, mutane suka fasa ɗakunan ajiya, suka kwashe kayan abincin tallafi da suka tarar a jibge. Yunwa ce ta kai su, amma har da haushin an manta da su.

Akwai kuma waɗanda ba su shiga lissafin kowa ba, watau almajirai. A watan Afrilu na 2020 gwamnonin Arewa suka shirya kowace jiha ta mai da almajirai jiharsu ta asali. Aka ɗebo ɗaruruwa daga Kano zuwa Katsina a cikin motoci. Yaro ya yi shekaru a gari, ya san kowace ƙofa, rana ɗaya aka ce masa shi ba ɗan nan ba ne. Ya isa gida kuma ana gudunsa, wai ya kwaso cuta. Manya ma da wuya su ɗauki wannan, balle yaro ɗan shekara goma.

CIWON DA BA A GANI

Likitoci suna da suna ga irin wannan hali. Suna ce masa ciwon damuwa. Ba hauka ba ne, kuma ba raunin imani ba ne. Mutum ya kasa barci, ko ya kasa cin abinci. Ya daina magana da mutane. Abu kaɗan ya harzuƙa shi, ya huce a kan mata da yara. Gabansa ya riƙa faɗuwa ba dalili. Wani ya ji duniya ta ishe shi. Saurayi kuma yakan faɗa wa shaye-shaye. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, damuwa da fargaba sun ƙaru a duniya da kashi 25 cikin 100.

Idan waɗannan alamu sun wuce mako biyu, a kai mutum asibiti mafi kusa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Kaduna, da Kware ta Sakkwato. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna. Ɗaure mutum da mari ko dukansa kuwa zalunci ne. A Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta kare haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya. Wanda kuma ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira gobe.

Abin da ya riƙe mutane da yawa a 2020 bai fito daga Abuja ba. Kwanon tuwo ne da aka miƙa ta kan katanga. Zakkar kono ce da aka kai gidan da ya dace. Adashin mata ne da aka ba wadda ta fi matsuwa, ko da ba kwasarta ba ce. Ɗan'uwa ne a Legas da ya buga waya ya ce, "Inna, yaya kuka kwana?" Mai shago ne da ya ci gaba da rubuta bashi. Waɗannan ba su nemi katin kowa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023. Amma rabon tallafi bai ƙare ba, don ambaliya da tsadar abinci ba su ƙare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A shirin da aka fara a Oktoban 2023, na Naira 25,000 sau uku, an riƙa tantance mutane da lambar katin ɗan ƙasa, ana tura kuɗin ta asusu. Wanda ba shi da katin ya nema tun yanzu. Mata musamman, don su aka fi bari a baya.

Ranar da ma'aikata suka zo rubuta suna, kowa ya halarta. A tambaye su ƙa'idar zaɓe, a kuma nemi a karanta sunayen da ƙarfi a gaban jama'a. Ba a biyan ko kwabo don shiga rajista. Wanda ya je ajin yaƙi da jahilci ya duba takardar da idonsa, ya karanta wa na kusa da shi. Kafin a tashi, mai unguwa da liman su tambayi jama'a: wane gida ne ba a kira ba? A tuna da gwauruwar da ba ta fita, da makahon ƙarshen gari, da Bafulatanin da ke ruga, da wanda ya tafi ci-rani ya bar iyali. Idan gurbi ya cika ba a sa su ba, a tashi mutum biyu su je har gida su faɗa masu dalili.