"Ina Gajiya?" Mu Fara Faɗin Gaskiya

Shugaban reshe, iyayenmu dattawan ƙungiya, 'yan uwa malamai maza da mata, muna yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya.

Da safiyar nan kowannenmu ya gaisa da ɗan uwansa. Aka ce, "Ina gajiya?" muka ce, "Ba gajiya." Aka ce, "Ina aiki?" muka ce, "Aiki da godiya." Haka muka gada, kuma gado ne mai kyau. Amma yau muna roƙon a ba mu izini mu amsa tambayar nan da gaskiya, sau ɗaya tak: akwai gajiya.

Ba gajiyar da wanka da barcin dare ke kawarwa muke nufi ba. Wata ce daban, wadda malami ke tashi da ita ran Litinin bayan ya huta Asabar da Lahadi. Zai ɗauki alli ya tsaya gaban allo, ya ji kamar ba shi ne a wurin ba. Yaron da a da yake bin sa har gida idan ya yi fashi, yanzu sai ya sa masa alama a rajista, ya wuce. Yana ganin shekarun da ya yi yana koyarwa kamar zuba ruwa a rairayi.

Wannan hali sananne ne a duniya. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kansa bayan ya gan shi a jikin masu aikin taimako a wani asibitin kyauta. Sunan da ya ba shi na nufin abin da wuta ta ci har ya ƙare, kamar fitilar da mai ya ƙare mata, lagwani ya ƙone. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a matsayin matsalar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarewar kuzari, janyewar zuciya daga aiki, da raguwar ƙwazo. Mu lura: hukumar ta danganta shi da yanayin aiki, ba da raunin mutum ba.

To, yaya yanayin namu yake? Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kowa a nan ya san adadin da ke cikin rajistarsa. A ajinmu guda akwai mai jin Hausa, akwai wanda Dandanci ko Fulatanci ko Kyanganci kaɗai ya zo da shi daga gida, darasin kuma da Turanci aka rubuta shi. Ran kasuwa aji ya rame, lokacin yankan shinkafa ya ƙara ramewa, wasu su tsallaka Segbana wajen dangi, sai bayan makonni su dawo mu koma farkon darasi. Da damina waninmu sai ya shiga kwalekwale kafin ya kai makaranta. Ambaliyar 2020 ta cinye gonakin da yawancinmu ke cike giɓin albashi da su. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ciniki ya tsaya wa iyayen yara. An cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023, kuɗin zuba wa mashin ya koma cin rabon cefane. Bayan an tashi, wani ya nufi fadama, wani kabu-kabu, malama kuma ta tarar da murhu da yara suna jiran ta.

Me ya hana mu magana? Na farko, kunya. Malami a ƙauye shi ne mai karanta wasiƙa, mai sasanta rigima. Yaya zai buɗe baki ya ce ya gaza? Na biyu, tsoro: kada a ce mana ragwaye, kada maganar ta kai inda za ta jawo canjin wurin aiki ko tsaikon ƙarin girma. Na uku, mun ɗauka duk wanda ya koka ya rasa haƙuri da godiyar Allah. Na huɗu, a wajenmu ciwon rai suna ɗaya gare shi, hauka, kuma ba mai son a laƙa wa gidansa wannan suna.

Mun taɓa aiki da wani malami, ba za mu kama suna ba. Shi ke fara zuwa, shi ke kulle ofis. Sannu a hankali ya daina raha, ya koma zama shi kaɗai a gindin bishiya lokacin tara. Wata rana ya daka wa wata ƙaramar yarinya tsawa kan ta ɓatar da fensir, har ta yi fitsari a tsaye. Muka ce ya canza hali, muka yi ta gulmarsa. Bai daɗe ba hawan jini ya kwantar da shi. Da muka je dubiya, mai ɗakinsa ta ce ya fi shekara ba ya barcin kirki. Kullum muna tambayar sa gajiya, kullum yana cewa babu, mu kuma muna wucewa. Laifin nan namu ne. Yarinyar kuwa ba ta sake ɗaga hannu a aji ba har ƙarshen zango. Ashe shirunmu ba mu kaɗai yake cutarwa ba.

Haƙuri ibada ne, amma haƙuri bai hana neman magani ba. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 na aiki. Tafiya ta ƙara tsawo; da wane jiki za mu yi ta?

Saboda haka muna kawo wa reshe shawara huɗu. A ware rabin sa'a a kowane taro don jin halin da malamai ke ciki, da alkawarin abin da aka faɗa ba zai fita ba. A zaɓi dattijo da dattijuwa a kowace gunduma waɗanda za a iya samu a asirce. Hedimastoci su rubuto ainihin adadin yara da na malamai, domin mu je gaban hukuma da lissafi, ba da ƙorafi kawai ba. Wanda kuma ya rasa barci, ko yake jin rayuwa ta ishe shi, mu raka shi asibiti, ko da zuwa na ƙwararru da ke Kware ne, kamar yadda za mu raka mai karaya.

Ku kuma iyalanmu, idan kun ga maigida ko uwargida sun yi shiru, labarin zuciya a tambayi fuska. Ku tambaya, ku saurara, kada ku yi gaggawar cewa a yi haƙuri.

Tun 1931 aka kafa NUT, don kada malami ya ɗauki kayansa shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gobe idan mun gaisa, aka ce mana "ba gajiya", mu ɗan dakata, mu sake tambaya.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a aikinmu da yaranmu.