Ruwan Tiga ya Iso, Malamin Kimiyya Bai Iso ba: Halin da Sakandaren Yankin Kadawa ke Ciki



Ba zan ɓata muku lokaci da bayanin muhimmancin ilimi ba. Abin da ya kawo ni shi ne makarantun gwamnati na Kura da Bunkure da Garun Malam, da tambayar da ma'aikatar ilimi ba ta son a yi mata: me muke shirya waɗannan yara su zama?

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda ke riƙe da aikin har yau. Kashin farko na shirin noman rani na Kogin Kano an tsara shi a kan hekta kusan 22,000. A 2014 Bankin Duniya ya amince da kimanin dala miliyan 495 don shirin TRIMING, wanda ya gyara kanal-kanal a nan da Bakalori da kwarin Hadeja. A 2016 Dangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa, mai iya cinye tan 1,200 a rana. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar bincike a nan Kadawa tun shekaru da dama. Ga kasuwar Kwanar Gafan, ga injinan casar shinkafa a Kura.

Shekara hamsin ke nan ana zuba kuɗi a kan siminti da ƙarfe. Duk wannan aiki yana buƙatar injiniyan ruwa, da mai awon ƙasa, da malamin gona, da makanikin tarakta, da mai lissafin kuɗin ƙungiyar masu amfani da ruwa. To ku zaga ku duba inda 'ya'yan yankin suke tsayawa a cikinsa. Su ne masu dashe, masu tsinkar tumatir, masu korar tsuntsu, masu lodin kwando. Ƙwadago ba abin kunya ba ne, amma ba don shi aka kai yaro makaranta shekara goma sha biyu ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne aji huɗu zuwa shida na sakandare. Yaron da ke son karanta injiniyancin noma a Jami'ar Bayero, ko a Wudil, ko a Zariya, sai ya kawo kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son aikin gona ma ba ya tsira daga Kemistiri. Ko Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Danbatta ba ta karɓar mutum don kawai ubansa manomi ne. Ke nan makarantar da ba ta da malamin Kemistiri ta rufe wa ɗalibanta wannan ƙofa tun ranar da ta raba su aji. Sai a tura kowa ajin adabi, ba don shi yake so ba, don shi ne akwai. Na shiga makarantun da ɗakin gwaje-gwajensu ya zama ma'ajin karyayyun kujeru, na ga inda ake koyar da darasin ban ruwa a allo alhali kanal yana gudu a bayan katanga. Ba zan kama suna ba, domin laifin ba na shugaban makarantar ba ne.

Gwamnati ma ba ta musa ba. Da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, da bakinsa ya ce ɗalibai sama da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama, kuma makarantu sama da 400 malami ɗaya ke gare su. An ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin 2024, kashi 31 a 2025. Madalla. Kafin nan an yi shelar ilimi kyauta kuma dole a 2019. Amma fenti da rufin kwano su ake iya ɗauka a hoto, shi ya sa su ake fara yi. Tura malamin Fiziks Bunkure, a kuma hana shi neman canji zuwa birni bayan zango ɗaya, wannan ba ya shiga labaran yamma, don haka babu mai gaggawarsa.

Ba sabon abu nake nema ba. A 1977 jihar nan ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, aka zaɓo yara, aka ba su malamai da kayan aiki, kuma kowa a ɗakin nan ya san likita ko injiniyan da ya fito daga can. Mun san yadda ake yi. Abin da ba mu yi ba shi ne kai wannan dabara inda ruwa da gona da masana'anta suka haɗu.

Sai jarrabawa. Tun 2015 JAMB a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an ci shi da yaƙi kafin ya karanta tambaya ta farko. Kuma zango na biyu, Janairu zuwa Afrilu, shi ne ganiyar aikin rani: tumatir na nuna, alkama na jiran yanka, ana biyan ɗan ƙwadago kuɗi a hannu kowace yamma. A wannan lokaci ne ajin ƙarshe ya kamata ya duƙufa. Kalandar da aka tsara a ofis a Kano ba ta san da wannan ba. 'Yan mata kuwa, tsakanin turarar shinkafa da talla, nasu ya fi haka, kuma wannan takarda ce mai zaman kanta.

Batun darussan sana'a da aka shigar manhajar babbar sakandare a 2011, guda 34, ba zan daɗe a kai ba. Sana'ar da babu kayan aikinta haddace sunanta kawai ake yi.

A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatirin Kadawa har masana'antar ta tsaya.  Da akwai alaƙa tsakanin tashar bincike da makarantunmu, da ɗalibai sun san tarkon ƙwari da yadda ake duba ganye, sun kai wa iyayensu.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma daga mutane sanannu. Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta mayar da sakandare ɗaya a kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan cikakkiyar makarantar kimiyya, da alawus ɗin karkara ga malamanta. Hukumar Hadeja da Jama'are ta yanka wa kowace ɗaya daga cikinsu fili mai ruwa. Mai hekta dubbai ba zai rasa biyu ba. Tashar bincike ta Kadawa da injinan Kura su karɓi ɗalibai koyon aiki a hutu. Ma'aikatar ilimi kuma ta fitar da sakamakon NECO da jarrabawar kwalifayin makaranta-makaranta, tare da adadin malaman Lissafi da kimiyya na kowace, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma kafin a zauna kasafin baɗi.