Jinga da Gasa: Yadda Ake Renon Marubuci Tun Daga Sakandare

(Jawabin da aka gabatar a gaban taron ɗalibai)



An nemi in yi magana a kan aikin rubutun da ake ba ƙannenmu a makarantun sakandare, da kuma ƙofofin da ke buɗe ga wanda Allah Ya ba basirar ƙaga labari ko tsara waƙa daga cikinsu. Wani zai ce, mu da muka riga muka tsallake wannan siraɗi, ina ruwanmu? To, ai da ruwanmu ƙwarai. Da yawanmu nan da shekara ɗaya ko biyu za a tura mu bautar ƙasa, a miƙa mana alli da aji. Waɗansu kuma tuni suna riƙe da tebur a ma'aikatar ilmi. Ashe ke nan alƙalamin yaran nan a hannunmu yake, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Bari mu fara da tambayar inda marubutanmu na farko suka fito. A shekarar 1933 ne Rupert East, na Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Abin lura a nan shi ne shekarun mutanen. An haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa kuwa a 1912. Wato samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, waɗanda ba su daɗe da barin Kwalejin Katsina ba, suna koyarwa a makarantun Midil. Basira suna da ita tun can, amma ba ta fito fili ba sai da wani ya ce, ku rubuta, za a karanta, za a kuma buga.

Haka abin ya sake faruwa bayan shekaru. Kamfanin NNPC na Zariya ya shirya gasa a ƙarshen shekarun 1970, wadda ta haifar da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, aka buga su a 1980. A 1982 kuma aka buga Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya, daga gasar da sashen al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Darasin duk ɗaya ne: inda aka yi kira, aka kuma tanadi mai karatu, to marubuci zai amsa.

Yanzu mu juyo mu dubi ajin sakandare. Me ake ba yaro ya rubuta? "Yadda na yi hutuna." "Ranar da ba zan manta da ita ba." "Rubuta wasiƙa zuwa ga kawunka ka roƙe shi kuɗin makaranta." Waɗannan kawunan insha'i kakanninmu sun yi su, iyayenmu sun yi, mu ma mun yi. Yaron da hutunsa duka a gona ya ƙare sai ya ƙaga tafiya Legas, domin ya ɗauka noma bai isa a rubuta shi ba. Yarinyar da ba ta da kawun da za ta roƙa sai ta kwafo wasiƙar ƙawarta. Malam ya karɓa, ya bi da jan biro yana farautar inda aka manta ƙugiyar ƙa ko aka haɗe kalmomi biyu, ya rubuta shida bisa goma, ya mayar. Ba wanda ya tambayi yaron me yake son faɗa. Da haka yake koyon cewa rubutu tarko ne da ake kama kuskure da shi, ba hanyar isar da magana ba.

Ban ce ƙa'idojin rubutu ba su da amfani ba. Wanda bai bambance ɓari da bari ba, ko ƙafa da kafa, zai ɓatar da mai karatu. Haka kuma jarrabawar WAEC da ta NECO suna nan suna jira, kuma dole yaro ya iya insha'in labari, da na bayani, da na siffantawa, da na muhawara, da wasiƙa iri-iri. Sai dai ƙa'ida kamar shinge ce, amfaninta ta tsare shuka. In an kewaye fili da shinge ba a shuka kome ba, me aka tsare?

Ga kuma sabon al'amari da ya shigo. A yau yaro mai wayar hannu yana iya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa insha'i a kan amfanin ilmi ko illar shaye-shaye kafin ya gama shan koko. Duk kan maganar da aka saba da shi, na'ura ta riga ta haddace shi. Saboda haka tsohuwar jinga ba rauni kawai ta yi ba, ta daina auna kome.

To, mene ne magani? Ina ganin abubuwa huɗu ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin malami guda.

Na farko, a ba yaro aikin da sai ya taka da ƙafarsa. A ce ya je wurin maƙerin unguwarsu ya zauna awa guda, ya rubuto yadda ake ƙera lauje, da sunan kowane kayan aiki, daga zugazugi zuwa uwar maƙera da masaba da awartaki. A ce yarinya ta tambayi kakarta yadda ake kai lefe a zamaninsu, ta gwada da na yau. A ce su rubuto tarihin sunan unguwarsu, ko cinikin da suka ji da kunnensu a kasuwar hatsi, kalma da kalma. Irin wannan ba a kwafo shi daga intanet, domin babu shi a can. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yaro ya fi kowa sanin lungunsu. A nan ne zai gane cewa rayuwarsa ma abin rubutawa ce.

Na biyu, a sauya yadda ake gyara. Kafin a taɓa kuskure, a nuna wa yaro jimla ɗaya da ta yi kyau, a gaya masa dalilin kyanta. Sa'an nan a zaɓi kuskure iri ɗaya ko biyu, ba ashirin ba, a ce ya sake rubutawa. Sake rubutu shi ne ainihin makarantar marubuci, amma a makarantunmu da wuya a ga an mayar wa yaro aiki ya gyara ya dawo da shi. Na san za a ce malamin da ke da yara tamanin a aji ba zai iya ba. To, a raba su rukuni-rukuni su karanta wa juna, malam ya ɗauki goma a wannan mako, goma a na gaba. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, a ba su abin karantawa. Ba a ɗebo ruwa daga rijiyar da ba ta da idon ruwa. Kwalejin Gwamnati ta Umuahia ta fitar da Chinua Achebe, da Christopher Okigbo, da Elechi Amadi, da Chukwuemeka Ike, da Ken Saro-Wiwa. Ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne dokar da wani shugaban makarantar, William Simpson, ya kafa, wadda ta hana taɓa littafin darasi a waɗansu sa'o'i, sai dai a je ɗakin karatu a ɗauki labari. Mu kuwa a wurare da yawa, yarinyar da aka kama da littafin soyayya a ƙarƙashin tebur bulala take sha. Alhali kuwa adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa tun daga shekarun 1980 da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, shi ya koya wa mata da matasa masu ɗimbin yawa son karatun Hausa. Maimakon a ƙwace littafin, a tambaye ta: ina marubucin ya iya, ina kuma ya gaza?

Na huɗu, a samar wa rubutun mai karatu wanda ba malam ba. Allon sanarwa da ƙusa huɗu sun isa a fara jaridar bango. Ƙungiyar adabi da muhawara tana iya keɓe yammacin Alhamis don karanta gajerun labarai da waƙoƙi. Ɗan wasan kwaikwayon da 'yan aji biyar suka rubuta ana iya nuna shi ranar raba kyaututtuka a gaban iyaye. Yaron da ya ga mutane sun yi cirko-cirko suna karanta abin da ya rubuta, ba zai sake rubutu da wasa ba.

Daga nan sai a leƙa waje, domin ƙofofi suna nan, rashin mai nunawa ne. Gasar insha'i ta ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta samo asali tun 1883, kuma ta yara ce da matasa 'yan makaranta. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya tana shirya gasar rubuta wasiƙa ga yara tun 1971. A gida Nijeriya, Gidauniyar bankin UBA tana da gasar insha'i ta 'yan babbar sakandare. A Minna, marubuci B. M. Dzukogi ya kafa cibiyar Hill-Top, wadda ta yi suna wajen horar da yara matasa da buga ayyukansu. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wadda Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, inda ake zama ana karatu ana gyara wa juna. Sashen Hausa na BBC kuma ya ƙaddamar da gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata a 2016, abin da yarinyar sakandare za ta sa a gaba tana shiri. Kowace gasa da sharuɗɗanta na shekaru da yawan kalmomi, aikin malami ne ya nemo su ya karanta wa yara a kan lokaci.

Amma ku lura, akasarin ƙofofin da aka buɗe wa 'yan makaranta da Ingilishi ake shigarsu. Yaron da basirarsa ke cikin Hausa sau da yawa sai ya tsaya a waje. Wannan giɓi mu ya kamata mu cike shi. Me zai hana ƙungiyarmu ta shirya gasar gajeren labari da waƙa tsakanin makarantun da ke kewaye da wannan jami'a? Alƙalai muna da su a sashen harsuna. Kyauta ba sai ta yi tsada ba, littattafai biyar da takardar yabo sun wadatar. Mafi girman lada kuwa shi ne a keɓe shafi biyu na mujallarmu a buga wanda ya yi zarra, da sunansa da na makarantarsa. Sharaɗi guda: a yi adalci, kada a ce ɗan wane ne, domin gasar da aka yi son kai a cikinta tana kashe zuciyar yara fiye da rashin gasar.

'Yan'uwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba kowane yaro ne zai zama Abubakar Imam ba, ba a kuma bukatar haka. Amma wanda ya koyi duba abu da idonsa, ya faɗe shi daidai a takarda, shi ne gobe zai rubuta rahoton ofis da za a fahimta, da hukuncin kotu marar harshen damo, da takardar koke da za ta kai kukan ƙauyensu inda ya dace. Saboda haka ina roƙon duk wanda aka miƙa wa aji a cikinmu, jingar farko da zai bayar ta zama wadda shi kansa yake ɗokin karanta amsarta.

Allah Ya sa mu dace.