WANKIN INJINAN SARRAFA MADARA: JAWABIN DA AKA GABATAR A TARON SHEKARA



An nemi in ce wani abu game da shawarar da wasunmu suka kawo, ta a haɗa kuɗi a kafa wurin tara madara da sarrafa ta a nan gida. Shawara ce mai kyau. Rugage sun kewaye mu tun daga ƙasar Ɓaure har tsallaken iyakar Nijar. Mun ga yadda kamfanin L&Z na Kano yake sayen madara daga hannun makiyaya, mun kuma ga gonar da kamfanin Arla ya buɗe a Damau ta Jihar Kaduna a 2023. Sai dai da na duba takardar ƙiyasin kuɗi, na ga tankin sanyi, na ga injin dafawa, na ga janareta, har da kuɗin fentin allon suna, amma ban ga ko sisin kwabo da aka ware domin wanki ba. A kan wannan giɓi zan tsaya.

Bafillatana idan ta dawo daga tallar nono takan wanke ƙwaryarta, ta kife ta a rana. Idonta yana ganin cikin ƙwaryar, hannunta yana kaiwa ko'ina. Inji ba haka yake ba. Madara tana bi ta cikin bututai da famfuna da bawul-bawul, wuraren da ido ba ya gani, hannu ba ya shiga. A da, a ƙasashen Turawa, kullum sai ma'aikata sun kwance bututan ɗaya bayan ɗaya, su goge da buroshi, su sake ɗaurawa. A shekarun 1950 ne masana'antun madara na Amurka suka soma wanke kayan a inda suke, ta hanyar zagaya ruwa da sinadari a cikinsu da ƙarfin famfo. Shi ne abin da za ku ji dillalan injina suna kira CIP.

Dauɗar madara iri uku ce: maiƙo, da sinadarin gina jiki mai manne wa ƙarfe idan ya ji zafi, da kuma wani farin ɓawo mai tauri irin wanda kuke gani a gindin butar shayi. Kowanne da maganinsa, shi ya sa wankin yake hawa-hawa.

Da zarar an gama aiki, kafin madara ta bushe, sai a kora ruwa mai ɗumi. Na ce mai ɗumi, ban ce tafasasshe ba, domin ruwan zafi a wannan mataki dafa ragowar madarar yake yi ta ƙara kama ƙarfe, kamar yadda ƙwai yake kama kasko. Bayan haka sai a zagaya ruwan soda, irin wadda masu yin sabulu suka sani, kimanin kashi 1 cikin 100, a zafin digiri 70 zuwa 75. Tanki da bututun madara mai sanyi minti 10 kan ishe su, amma injin dafawa yakan bukaci rabin awa. A ɗauraye. Sa'an nan a bi da ruwan asid mai rauni domin ya narkar da farin ɓawon nan. Injin dafawa kullum ake yi masa, sauran kaya kuwa lokaci-lokaci. A sake ɗaurayewa. Kafin a soma aikin gobe kuma, a kashe ƙwayoyin cuta da ruwa mai zafin digiri 90 ko fiye, ko da sinadarin da aka tanada domin haka.

Wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya bayyana a 1959 cewa kowane wanki abu huɗu ne ke ɗauke da shi: sinadari, zafi, lokaci da guga. Idan ɗaya ya ragu, sai sauran sun ƙaru. To, a cikin bututu wa zai yi gugar? Gudun ruwa ne. Ana son ya yi aƙalla mita ɗaya da rabi cikin daƙiƙa ɗaya, yana tumbatsa yana dukan bango. Ƙaramin famfo mai araha zai tura ruwan ya wuce salin-alin, ya fito fes, dauɗa tana nan daram.

Na taɓa aiki a wata ƙaramar masana'antar yogot, ba zan kama suna ba. Kwana da kwanaki kayanmu suna kumbura a roba kafin su kai kasuwa. Muka zargi makiyaya, muka zargi masu firji. Ashe wani guntun bututu ne da mai walda ya toshe bakinsa ya bar shi a maƙale, ruwan wanki ba ya shiga ciki. Ranar da aka yanke shi, warin da ya fito ba ya faɗuwa a gaban manya. Har yau ina jin kunyar wani dattijon Bafillace da muka mayar wa da madararsa alhali ba shi da laifi.

Kada a ce ai za a dafa. Gaskiya ne digiri 72 na daƙiƙa 15 yana kashe ƙwayoyin cuta masu haɗari, amma wasunsu kan bar guba wadda zafi ba ya lalatawa. A shekarar 2000, a ƙasar Japan, mutum fiye da 13,000 suka kamu da amai da gudawa bayan sun sha kayan madara na kamfanin Snow Brand. Bincike ya kai ga wata masana'antarsu a tsibirin Hokkaido, inda wuta ta ɗauke na 'yan awoyi, madara ta tsaya da ɗumi a cikin layi, aka kuma sarrafa ta maimakon a zubar. Ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi a Japan ke nan. Ku kwatanta da namu halin.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya sake zama a kan ƙiyasin. Abu na farko shi ne ruwa. Wankin nan yana shan ruwa ƙwarai, kuma sai mai tsabtar da za a iya sha. A haƙa rijiyar burtsatse ta wurin, a kai ruwanta ɗakin gwaji, domin ruwa mai zartsi yana rage ƙarfin soda, yana ƙara farin ɓawo. A sa tukunyar dafa ruwa da famfo mai ƙarfi a lissafi, da man da za su ci kowace rana, ba ranar buɗewa kaɗai ba. A sayi kaya na ƙarfe marar tsatsa, masu sumul a ciki, a kuma sa wanda ya san aikin ya duba walda kafin a biya kuɗi. Ruwan wankin da ya fita kada ya gangara kududdufin da dabbobi ke sha. A yi masa rami nasa.

Akwai kuma jarkoki. Jarkar roba mai ƙaramin baki, wadda ƙila man gyaɗa ta taɓa ɗauka, ba ta wankuwa. A saya wa masu kawo madara gwangwanaye masu faɗin baki, a riƙa wanke su a wurin kafin su koma ruga.

Mai wankin kuwa kada a ɗauke shi ɗan share-share. Soda tana ƙona fata, tana makantar da ido, don haka sai da safar hannu da tabarau da takalmin roba. Ya zama mai karatu, wanda zai rubuta lokaci da zafi da ƙarfin sinadari a littafi kullum, ya sa hannu. Ina ba da shawara a zaɓi yara biyu daga cikin waɗanda ƙungiya take biya wa kuɗin makaranta, a tura su wata masana'anta a Kano su yi wata uku suna koyon wannan aiki kafin a sauke ko tanki ɗaya a Babban Mutum. Masaukinsu a Kano na ɗauka.